Ranar da Muka Kai Alƙur'anin Kakanmu Birni

Kakanmu ya rubuta Alƙur'ani da hannunsa, da ka, a zauren gidanmu na Gaya. Ban riske shi da rai ba. Abin da na taso na tarar shi ne Alƙur'anin, falle-falle ba ɗinki, an matse shi tsakanin fatu biyu masu tauri, cikin gafaka mai maratayi. Baƙaƙen da baƙar tawada, wasulan da ja, nan da can ɗigo ruwan ɗorawa. Yana hannun Baffa, yayan mahaifina, kuma shi kaɗai ke karanta shi a gidan. Mu da muka biyo baya bugun zamani muka saba da shi, irin na Islamiyya. In an miƙo mana rubutun tsangaya sai mun yi ta lalube kamar masu tsintar shinkafa.

Wata damina soron Baffa ya yi yoyo, ruwa ya bi bango ya sauka cikin alkukin da gafakar take. Da aka buɗe, gefen wasu fallaye ya jiƙa, jan ya narke ya shiga baƙin. Da aka ɗaga na ƙasa kuma sai ga hanyar gara. A lokacin yanar ido ta fara rufe ganin Baffa, sai ya kai takarda dab da hanci yake gani.

Ni malamin sakandare ne a Kano, kuma na sha kai ɗalibai gidan adana kayan tarihi na cikin birni. Na san akwai ɗaki guda a can na kayan addini, na ga yadda suke ajiye tsofaffin littattafai, ba laima ba gara. Sai na ce a kai Alƙur'anin Kaka can. Ina da naci, kowa ya sani a gidanmu, in na ga abu zai lalace bakina ba ya iya shiru. Duk zuwan da na yi gida sai na tayar da maganar, har matan gida suka fara cewa ga mai gidan tarihi nan ya iso. Abin da nake so ɗaya ne, littafin nan ya tsira cikakke, jikokina su gan shi yadda na gan shi.

Ran nan dai Baffa ya gaji da ni. Ya ce, "Ɗan birni, ko akuya za ka bayar kiwo, ai ka je ka ga turken. Sai na ga gidan."

Muka sa rana bayan an sare gero. Baffa ya yi alwala tun a gida, ya rataya gafakar a ƙirji ta cikin babbar riga, ya ƙi shan ko kunu don kada alwalar ta karye a hanya. A tashar Gaya direba ya miƙo hannu zai karɓi kaya ya sa a but. Baffa ya dube shi kawai, direban ya gane, ya janye hannu, ya buɗe masa gidan gaba ba tare da an roƙe shi ba. Ni aka cusa ni baya tsakanin buhun wake da wata mata mai kaji. Har muka haye gadar Wudil ban ga Baffa ya jingina da kujera ba.

Na tsara mu wuce gidan tarihin kai tsaye tun da sanyin safiya. Baffa ya ce ba a shiga gari a wuce magabata. A birnin ya yi karatu yana saurayi, kuma rabonsa da cikin ganuwa an daɗe. Sai an fara ziyara. Na ce to, don na san in na ja zancen za mu kwana a bakin titi.

Muka ɗauki ɗan sahu. Da ya hango Dala ta tsakanin benaye sai ya taɓa mai tuƙin ya ce, "Ka san maƙeran garinmu ne suka fara sauka gindin dutsen can? Ku duk baƙinmu ne." Mai ɗan sahun ya ce, "To Baba, tunda masu gari ne ku, yau sai ku ɗauke ni kyauta." Baffa ya yi dariya, ita ce dariyarsa ta ranar.

Masallacin farko da ya nema shi ne wanda ya yi shekaru yana ɗaukar karatu a cikinsa. Ya kwatanta mini shi tun a mota: ginin ƙasa, ginshiƙai masu kauri, rufi mai bakan gizo, ƙofar da sai ka sunkuya. Muka sha lunguna, muka tambayi mai shayi, muka tambayi mai faci, aka nuna mana. Bene ne fari mai tayil har waje, da fankoki, da agogon lantarki mai nuna lokutan salla da jan rubutu. Wani dattijo da ke shara ya ce tsohon ya fara tsagewa, wani mai hali ya rushe ya gina wannan, Allah ya saka masa. Baffa ya ce amin. Ya yi raka'a biyu na gaisuwar masallaci, ya tambayi inda rijiyar take a da, aka nuna masa wurin da tankin roba yake. Muka fito.

Daga nan muka je tsohuwar maƙabarta inda aka ce manyan malamai na kwance. Ba alama a kan kaburburan sai fasassun tukwane da 'yan itatuwa. Baffa ya cire takalmi, ya tsaya daga gefe ya yi sallama, ya yi addu'a mai tsawo. Ni ina duban rana tana hawa, ina lissafin lokacin tashin ma'aikata.

Wuri na uku wani masallaci ne da ya rage a tsohon gininsa, can cikin lungu inda ɗan sahu ba ya shiga. Da ƙafa muka ƙarasa, ina riƙe da hannunsa muna tsallake kwata. Ƙasan masallacin ya yi zurfi fiye da titi, sai ka sauka. Ciki duhu da sanyi, ana jin warin jemage da na tsohon turare. Azarar rufin ta yi baƙi ƙirin, an jera ta kan juna kamar saƙa. Ginshiƙan sun yi sulɓi daidai kafaɗar mutum a zaune, saboda jingina. Baffa ya shafa bango da tafin hannu, ya ce ginin nan da makuba, jiƙon ɓawon ɗorawa, aka yi shi. Ya sake yin raka'a biyu. Haka yake, ko masallaci goma aka shiga sai ya gaida kowanne.

Yana salla ni ina zagayawa. A bangon gabas akwai alkukai, kowanne cike da takardu. Na duba, guntayen Alƙur'anai ne da suka tsufa a gidajen mutane, aka rasa yadda za a yi da su, aka kawo masallaci aka cusa. Wasu na bugu, wasu rubutun hannu. Ƙura ta rufe su, ɓera ya ci gefe, zanzaro ya yi ɗaki a kan wani. Da Baffa ya sallame na jawo shi na nuna masa. Na ce, "Baffa, ka ga inda namu zai ƙare in aka bar shi." Na faɗa da zafi, don abin ya taɓa ni. Ya zaro falle ɗaya, ya hure ƙurar, ya kai dab da ido ya motsa leɓe na ɗan lokaci, sannan ya mayar. Ya ce, "Hannun mutumin gabas ne." Iyakar amsar da na samu ke nan.

Sai bayan azahar muka isa gidan tarihin. A ƙofa doka ce a ajiye jaka, ga jakunkunan 'yan makaranta jibge a kan benci. Mai gadi ya nuna gafakar. Baffa ya ce wannan ba a ɗora ta a benci. Aka kira ma'aikaciyar da ke kula da ɗakin kayan addini, mace mai kimanin shekaruna, da tabarau da farin hijabi. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta ji abin da ke tafe da mu, ta ce ya shigo da kayansa.

Mun wuce ɗakin sulke da takubba, mun wuce na hotuna, Baffa bai waiwaya ba. A bakin ɗakin da muka zo dominsa ya tsaya ya cire takalmi. Babu mai cirewa a nan, baƙi suna shiga da nasu. Na ji kunya na cire nawa, ita ma ma'aikaciyar ta zare nata.

Ɗakin dogo ne, da fitilu marasa ƙarfi, da sanyin na'ura. A bango an rataye allunan zayyana irin na sauka, masu zane ja da kore. Ga buzu, ga carbi mai manyan ƙwayoyi, ga 'yan tuluna na tawada da alƙaluman gamba, ga tsohuwar ƙofar wani masallaci da aka ciro, mai ƙusoshin ƙira. Ga sandar huɗuba. Ma'aikaciyar tana bayani a natse, ta san aikinta, Baffa yana gyaɗa kai. Da ya ga alƙaluman har ya yaba fiƙar. Raina ya fara kwanciya, na ce a zuciyata an gama.

A tsakiyar ɗakin akwai akwatunan gilashi a jere, kowanne da Alƙur'ani rubutun hannu a ciki, a buɗe, an kwantar da shafi biyu suna kallon sama. Baffa ya tsaya a kan na farko. Ya juya ya dubi ɗakin kamar mai neman wani.

Ya ce, "Wa ke karatu ya tashi?"

Ta ce, "Ba kowa, Baba. Haka ake ajiye su don baƙi su ga rubutun."

"Da yamma fa, wa ke rufewa?"

"Ba a rufewa."

A gidanmu ba a barin Alƙur'ani a buɗe a tashi, ko ruwa za ka sha. Tun muna yara ake ce mana in ka bar shi a buɗe Shaiɗan ne zai karanta. Na girma na ɗauki maganar a matsayin dabarar koya wa yara ladabi, kuma na sha shiga ɗakin nan da ɗalibai abin bai taɓa faɗo mini a rai ba. Baffa bai kawo zancen Shaiɗan ba. Cewa ya yi duk shafin da aka buɗe yana da haƙƙi a kan wanda ya tsaya a gabansa.

Sai ya sunkuya zai karanta. Hasken fitila yana dukan gilashin, idonsa kuma ga yadda yake, bai ga komai ba sai inuwar rawaninsa. Ya ce, "Ɗan birni, faɗa mini farkon layi." Na lallaɓa na haɗa kalmomi biyu uku. Ya kama daga nan, da ka, a hankali, hannunsa a kan gafakar da ke ƙirjinsa. Ya ce in riƙa bi da ido, in ya kai ƙarshen shafi in gaya masa. Shafin ya ƙare a tsakiyar aya, ya ƙarasa ta. Ya matsa akwati na biyu.

Wallahi raina ya ɓaci. Ga yunwa, ga lokaci yana tafiya, ga maganar da ta kawo mu ba a fara ba. Wasu baƙi suka tsaya suna kallonmu, ɗaya har ya ɗaga waya. Na yi masa raɗa, "Baffa, za su tashi fa." Ko kallona bai yi ba. Ma'aikaciyar ta ɗauko kujera, ya ƙi zama. Sai da ya bi akwatunan nan kaf, har da wani ƙarami da bai fi tafin hannu ba, wanda ni ma da ƙyar na ga baƙinsa.

Da ya gama ta kai mu ofishinta. Ta shimfiɗa farin ƙyalle a tebur, ta sa safar hannu. Baffa ya tambaye ta ko tana da alwala, ta ce tana da ita, kullum da ita take wannan aikin. Sannan ya cire gafakar daga wuyansa, karon farko tun Gaya. Ta warware igiyar, ta ɗaga falle ɗaya ga hasken taga ta nuna mana tambarin jinjirin wata uku a cikin takardar, ta ce tsohuwar takarda ce mai kyau. Ta duba inda ruwa ya taɓa da inda gara ta bi. Ta ce ana iya ceto shi. Za a busar, a kashe ƙwarin, a ɗauki hoton kowane falle, a rubuta sunan Kaka da na garinmu a kati. Na ji daɗi har na kasa ɓoyewa.

Baffa ya ce, "Waɗancan na cikin gilashi, ana juya musu shafi?"

"Lokaci-lokaci, don kada haske ya cinye tawada."

"Mai juyawar yana karantawa?"

Ta ce, "Wani lokaci, Baba. Ba kullum ba." Na so a ce ta yi masa ƙarya, amma ba irin mutanen nan ba ce.

Ya ce, "In na bayar da sharaɗin a rufe shi fa?"

Ta ce za a iya. Sai dai wanda aka rufe ɗakin ajiya ake kai shi, cikin kwali, ba mai ganinsa sai mai bincike in ya zo da takardar izini.

Baffa ya jinjina kai. Ya sa mata albarka sosai, ya ce ta riƙe amana, Allah ya ba ta ladan aikinta. Ya tattara fallayen da kansa, ya daidaita gefensu da tafin hannu, ya ɗaure, ya mayar wuya. Ya ce zai yi shawara. Muka hau mota ina cike da fushi. A Wudil na saya masa ruwa da gurasa, ya ƙi karɓa sai da muka isa gida.

Na ba shi lokaci. Bayan an gama kaka na koma Gaya da nufin in sake tayar da maganar. Na same shi a zaure, gafakar na gefensa a kan buzu, ta lafe kamar cikin mai azumi. Na ɗauka na ji ba nauyi.

Ya gaya mini ba tare da wani kwana-kwana ba. Ya aika an kira tsofaffin ɗalibansa da har yanzu suke karanta rubutun tsangaya, na Balan, na Gafasa, na Ajingi, da na cikin gari. Yawancinsu manoma ne masu 'yar makaranta a ƙofar gida. Ya raba musu Alƙur'anin Kaka izu-izu, wani biyu, wani biyar, gwargwadon ƙarfin kowa. Sharaɗi ɗaya ya gindaya, a karanta, kada a rataye.

Ban taɓa ɗaga wa Baffa murya ba sai ranar. Na ce wannan ɓarna ce, littafin da mutum ya ƙare ƙuruciyarsa a kai an watsa shi ƙauyuka, soraye masu yoyo irin namu, ba zai sake haɗuwa ba. Na ce abubuwa da yawa. Ya bar ni na zazzage.

Ya ce, "Ka gama?" Ya zaro abin da ya rage a ciki, izun ƙasa, inda yara ke farawa. "Wannan naka ne. Ka haɗa da gafakar, tunda kai ajiya kake so."

Baffa bai ga damina biyu bayan nan ba. Ranar addu'arsa aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida don sauka. Tun hantsi ɗaliban nan suka fara isowa a kan babura, wasu goyo biyu. Kowa ya zauna sai ya sa hannu a aljihun gaba ya fito da ƙunshi, wani a hankici, wani a leda, wani a tsohuwar hula. Ba wanda ya aika musu su zo da shi. Na dubi tabarmin nan na gane Alƙur'anin Kaka ya cika a wuri ɗaya, kuma ni ne magajin gafakar, tana ƙarƙashin rigata. In na roƙa a gaban jama'a a irin wannan rana, babu mai hana ni.

Suka fara, kowa da nasa, murya ƙasa-ƙasa. Na zauna kusa da babbansu, wani dattijo daga Gafasa mai faso a hannu. Fallayensa sun yi baƙi a kusurwa inda babban yatsa ke kamawa, sun fi yadda na san su laushi. Yana juya wani sai gefen ya gutsure ya faɗi kan tabarma. Bai tsaya da karatu ba, ya tsince guntun ya sa cikin naɗin hularsa. Na ji abin har cikin raina. A gabana littafin yake ƙarewa.

A irin wannan sauka ana barin izun ƙasa a rufe da shi a bayyane. Da muryoyi suka lafa dattijon ya dube ni. Na fito da nawa na karanta. Surori ne da na haddace tun ban san hagu da dama ba, amma na bi su layi-layi a hannun Kaka, jama'a suna amsawa. Aka shafa.

Mutane suka fara naɗe ƙunshinsu. Dattijon ya ga na fito da gafakar na ɗora a cinya, ya dube ta ya dube ni. Ya ce, "Ɗan Malam, ko akwai magana?"

Akwai. Har yau ban yarda Baffa ya yi daidai ba, kuma na san abin da gara da ruwan sama za su yi. Na dubi hannunsa a kan fallayen, ya riƙe su yana jira, in na ce ya bayar zai bayar.

Na ce, "Babu, Allah gafarta Malam. Allah ya ba da lada. A gaida mutanen gida."

Suka tayar da babura, wasu suka yi hanyar Ajingi, wasu suka yi Balan. Na zauna har ƙofar gida ta watse. Sannan na mayar da izuna cikin gafakar. Sai da na naɗa igiyar sau biyu kafin ta kama.